Jakin da ba ya cin ciyawa

Ɗan uwa mai karatu, ka san jakin da ke kai hatsi kasuwar Dakoro. To, akwai wani jaki ƙarami wanda ba ya cin ciyawa. A jikin goge yake, da garaya, da molo. Shi ne ɗan itacen nan da ke zaune bisa fata, tsarkiya ta hau kansa. Kaya yake ɗauka, shi ya sa aka ce masa jaki.

Aikinsa babba ne. In an taɓa tsarkiya, sai ta yi rawa. Jaki ke kai rawar ga fata, ƙoƙo kuma ya ƙara mata amo. In ka cire shi, goge ya zama bebe. Tun zamanin kakanni, makaɗi da kansa yake sassaƙa jakinsa. In ya karye, wuƙa da ɗan reshe sun isa.

Jita ma tana da jaki. A Amurka aka fara sayar da jita mai lantarki, a 1932. Ita ba ta bukatar ƙoƙo. Mayen ƙarfe ne a ƙarƙashin wayoyi yake kama rawarsu, ya aika wa lasifika. A 1954 kamfanin Fender ya fito da Stratocaster. Jakinta na ƙarfe ne, kowace waya cikin shida da nata mazauni.

Buzaye ne suka ɗaukaka wannan jita a ƙasarmu. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, yana cikin na farko. Bayansa ga Bombino na Agadas. Ga kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Shi da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Amma jakin ƙarfe yana da abokan gaba: gumi, da ƙura, da tsatsa. In ya lalace, ba a jefar da jita. Jakin ake sakewa. A kwance wayoyi. A auna ramukan ƙusa, don sabon ya dace da gurbin tsohon. Akwai wata siririyar waya da ke haɗe da jaki daga ciki. In an manta da ita, lasifika zai dinga gunji. Sai awo. Tsawon wayar Fender ya kusa santimita 65, kuma ƙarfe na 12 a wuyan jita shi ne tsakiya. In jaki ya goce, murya ta ɓaci.

Ka ga ilmin ɗaya ne. Mai goge yana matsa jakinsa da yatsa, yana aunawa da kunne. Mai jita yana murɗa ƙusa.

Sai dai jakin ƙarfe daga nesa yake zuwa, da kuɗi. Namu yana hannun tsofaffi, tsofaffi kuwa tafiya suke yi. In akwai mai goge ko mai garaya a Mai Yara, je ka gaishe shi. Tambaye shi itacen da yake zaɓa, da fatar da yake ɗaurawa. Tunda yanzu ka iya rubutu, rubuta a littafinka. Da tsohuwar zuma ake magani.