Daga Wuri Zuwa Anini

Masu tara tsofaffin kuɗi na duniya suna ji da wasu kwabbai na baƙin ƙarfe da aka yi zubinsu a lardin Sicuwan na ƙasar Sin, zamanin daular Song (960 zuwa 1279). Tagulla ce ta yi ƙaranci, shi ya sa aka koma ga ƙarfe. Kowane kwabo yana da huda mai kusurwa huɗu, ana zura su a igiya dubu-dubu. Nauyinsu ya ishi fatake, har attajiran Cengdu suka fara ba da takardar shaidar ajiya a madadinsu; a 1023 hukuma ta karɓe aikin, kuɗin takarda ya samu. Tsatsa ta cinye mafi yawan kwabban, don haka wanda rubutunsa bai goge ba yake da daraja yau.

Mu ma mun ɗauki irin wannan kaya. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, wuri ne kuɗi. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya yake fitowa. Abin da ya fi wahala shi ne ƙirga, domin a nan ba a zura shi a zare. A ƙasa ake zube shi, a ja biyar-biyar da yatsu har a cika zambar, zambar ashirin kuma a ɗinke ta a keso. Wani Bature mai suna Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya tarar a Kano ana ba da wuri 2,500 kan dalar azurfa guda. Mai sayen doki sai ya nemi jaki ya ɗauko masa kuɗin.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903, a 1904 suka hana shigo da wuri. A 1907 anini ya fito, goma a kwabo, da hudarsa a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Da shi aka ci kasuwa a Rabah da Goronyo lokacin ƙuruciyar Sardaunan Sakkwato.

Anini ya shiga kundin masu tarawa saboda shekara da sunan sarkin Ingila da ke jikinsa. Wuri ba shi da ko ɗaya. Ya koma adon ƙwarya da kayan 'yan bori.