Abinci, Barci da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗalibi

Da yawa daga cikin yaranmu da ke jami'o'in Legas, Ibadan da Fatakwal, abincinsu bai wuce indomi, garin kwaki da lemon kwalba ba. Abin da ɗalibi ya ci kuwa yana shafar barcinsa, barci kuma shi ke riƙe da natsuwar ƙwaƙwalwa.

Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Shayi, kofi, goro da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafin, sinadarin da ke korar barci. Bayan awa 5, kusan rabinsa na nan a jini. Cika ciki da maiƙo dab da kwanciya kuma ƙwannafi yake kawowa.

Wanda bai yi barci ba, washegari kwaɗayin zaƙi, mantuwa da saurin fushi ke damunsa. In abin ya daɗe, yana iya kaiwa ga ciwon damuwa.

Gyaran ba shi da tsada: wake, ƙwai, nono, kifi, zogale, da 'yar hanta don ƙarin jini. A ci abincin dare awa 3 kafin kwanciya. In ƙunci ko rashin barci ya wuce mako 2, a je asibitin makaranta.