Daga Gidan Maɗori Zuwa Ɗakin Gashi

Wannan makon tarihin kalma ɗaya zan ɗan taɓa, wato gashi, irin wanda ake yi wa ciwo.

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, da kaka ta yi an kai amfanin gona gida, sai dandali ya cika da kokawa da dambe da langa. Wanda ya ji ciwo ya san inda zai nufa. In karaya ce ko gocewar ƙashi, sai gidan maɗori, wanda galibi gadon sana'ar ya yi: ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da kara, ya yi tofi. In kumburi ne, wanzami ya kafa ƙaho. In targaɗe ne kuwa, tsohuwar gida ma ta isa, ta ɗora ruwan zafi, ta gasa wurin da tsumma, ta murza da man shanu. Ina jin daga hannunta ne asibiti ya ari sunan da muke kiran sashen da shi yau, gashin ƙashi.

Shi na asibitin baƙo ne. Ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, inda ake jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka. Asibitin ƙashi na Dala a Kano ya biyo baya a 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digirin fannin a 1966. Mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar Kano saboda shi. A shekarar 2000 ne babban asibitin Birnin Kudu ya koma cibiyar lafiya ta Gwamnatin Tarayya.

Akwai ciwon da ya fi ƙarfin kara da ƙaho, shi ne na agara, igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda aka fi sani a bayan dunduniya. Mu marubuta mukan tattara komai mu ce jijiya, alhali ta jini daban, ta laka daban, agara daban. Ciwonta yakan zo ba faɗuwa ba bugu, yawan gudu da tsalle ne ke cinye ta a hankali. Ɗan ƙwallon da ke buga wasa a busasshen fili, ko ɗan langa mai tsalle da ƙafa ɗaya, zai tashi da safe ya kasa taka dunduniya, in jiki ya yi ɗumi ta sake shi, gobe ta dawo. Maɗori ya lalluba bai ji karaya ba, sai a fara zargin sammu.

A nan sunan gashi ya gaza, domin zafi ɗan sauƙi kawai yake kawowa. A 1998 wani likita a Suwidin, Hakan Alfredson, ya gwada wata hanya a kan mutum 15 masu wannan ciwon: su tsaya da yatsun ƙafa a bakin matakala, su riƙa sauke dunduniya a hankali, safe da yamma, har mako 12. Duk sun koma gudu.

Saboda haka in jarumin labarinka ɗan ƙwallon Gwaram ne mai ciwon agara, kada ka warkar da shi a dare ɗaya. Ba shi wata uku a bakin dakali, yana jin ihun abokansa daga fili.