Asalin Taswirar Labari a Sana'ar Rubuta Manhaja

A watan Fabrairu na 2026 ne sanarwar Snowbird ta cika shekara 25, wato takardar nan da mutum 17 daga cikin masanan rubuta manhaja suka tsara a wani masauki na kan duwatsu a jihar Yuta ta Amurka, suka raɗa wa tafarkinsu suna Ajayil, ma'ana aikin da ake yi guntu-guntu, ana nuna wa mai shi, ana gyarawa. Munasabar ta tarar da ma'abota sana'ar cikin saɓani, waɗansu na cewa tafarkin ya mutu, ba abin da ya rage sai yawan tarurruka da takardun shaida, waɗansu kuwa na cewa almajirai ne suka riƙe lafazi suka saki ma'ana. Wannan ne ya sa na ga ya dace a bi isnadin wata dabara guda, taswirar labari, domin a ra'ayina cikin tarihinta ake gane inda aka yi tuntuɓe.

Zamanin farko ba ya buƙatar dogon sharhi. A 1968 aka yi taro a Garmisch ta Jamus a kan yadda ayyukan manhaja ke cinye dukiya su kuma wuce wa'adi. A 1970 Winston Royce ya bayyana tsarin nan na bin matakai ɗaya bayan ɗaya, tare da gargaɗin cewa akwai haɗari a cikinsa, amma jama'a suka ɗauki zanen suka bar gargaɗin. Daga nan aka shekara da shekaru ana rubuta buƙatun mai saye cikin kundi mai kauri, a sa hannu, sannan kowa ya koma ɗakinsa.

Al'amarin ya juya a 1996, sa'ad da kamfanin motoci na Chrysler ya damƙa wa Kent Beck aikin manhajar biyan albashi. Beck ya ga cewa maimakon kundi, gara mai buƙata ya zauna ya ba da labarin abin da yake so da bakinsa, a rubuta taƙaitaccen take a ɗan kati domin tunatarwa. Kuma a 2001 abokin aikinsa Ron Jeffries ya ƙayyade wa abin rukunai uku, su ne kati, da tattaunawa, da tabbatarwa. A shekarar nan kuma ma'aikatan kamfanin Connextra na Landan suka fito da sigar da ta game duniya, wadda ke ambaton wane ne mai buƙata, me yake so, don me kuma yake so, Mike Cohn kuwa ya yaɗa ta cikin littafinsa na 2004.

To, a nan ne illar ta ɓullo. Tsarin Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, yana jera ayyukan da ke jira a layi guda daga sama zuwa ƙasa bisa muhimmanci, kuma da aka zuba ɗaruruwan katuna cikin wannan layi sai labari ya daina zama labari. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon littafin hannu ya zube daga gafaka, warƙoƙinsa suka cakuɗe, ya san cewa ko da ba a rasa warƙa ko ɗaya ba, ba mai iya karanta shi sai an mayar da kowace mazauninta. Haka, a manhajar sayayya alal misali, aka riƙa kammala katin biyan kuɗi alhali ba a yi na zaɓen kaya ba, kowane ɓangare ingantacce ne a kan kansa, jimillar kuwa ba ta amfanar kowa.

Jeff Patton, wani Ba'amurke mai tsara manhaja, shi ya kawo magani. Ya fara bayyana dabarar a mujallar Better Software a Janairun 2005, ya faɗaɗa ta a wata maƙala a 2008, sannan ya tattara ta a littafinsa User Story Mapping a 2014. Kaifiyyarta mai sauƙi ce. A jera manyan ayyukan mai amfani a bango daga hagu zuwa dama bisa tartibin da yake yin su, wannan shi ne ƙashin baya; a ƙarƙashin kowanne a rataya ƙananan ayyukansa, mafi larura a sama; sa'an nan a ja layi a kwance, ta yadda abin da ke saman layin, duk ƙanƙantarsa, zai kai mutum daga farkon buƙatarsa har ƙarshenta. Patton kan koyar da ita da safiyar mutum, daga farkawa har fita daga gida, sai ya tambaya: idan ka makara, saura 'yan mintoci, me za ka bari? Kowa zai taƙaita wanka da karin kumallo, amma ba mai fita ba tufafi.

Masu riwaya sun kasu a kan tushenta. Waɗansu na jingina ta ga katin kanban na Toyota, wanda Taiichi Ohno ya raya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hujjarsu ita ce nan kati, can ma kati. Wannan ƙiyasi ne mai rauni, domin katin Toyota umarni ne na kawo kayan haɗa mota, allunan da aka samo daga gare shi kuma suna nuna inda aiki ya kai a hannun ma'aikaci, alhali taswira tana bin sawun mai amfani ne. Waɗansu na mayar da ita ga Snowbird, sai dai Patton ba ya cikin mutum 17 ɗin, sanarwar kuma ba ta koyar da yadda ake jera buƙatu ba. Abin da na rinjayar shi ne ta fito daga zauren masu nazarin yadda mutane ke mu'amala da na'ura, musamman Larry Constantine da Lucy Lockwood, waɗanda littafinsu Software for Use ya fito a 1999, shekara ɗaya da na Alan Cooper mai kira a siffanta mai amfani kamar mutum sananne kafin a gina masa komai. Dalilina shi ne tun a 2002 Patton ya gabatar da takarda a taron OOPSLA a kan haɗa hanyar Constantine da Lockwood da aikin Ajayil, shekara uku kafin ya bayyana taswirar.

A yau an mayar da taswirar cikin kwamfuta, sau da yawa kuma manaja ɗaya ne ke cika ta a ofishinsa ya aika wa ma'aikata, wanda hakan komawa ce ga kundin da Beck ya guje wa, sai dai an sake masa riga. Masu jayayya a kan mutuwar Ajayil, da za su tambayi kowace ƙungiya yaushe rabon da ta tsaya gaban bango tare da mutumin da ake yi wa aikin, yana magana tana matsar da katuna, da sun sami hukuncin mas'alarsu tun kafin a tashi daga majalisin.