Siliya

Siliya (suna, mace). Siririn gashi guda tak da Allah Ya dasa a jikin galibin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, wanda da shi ƙwaya ke karɓar saƙon da ke umartarta ta rarrabu ko ta dakata. Malaman ɗibbu sun tabbatar cewa kolestarol, kitsen da jama'a suka sani da toshe jijiyoyi kurum, yana cikin masu tada furotin Smoothened a wannan gashi, furotin ɗin da in ya ƙi lafawa sankarar fata ko ta ƙwaƙwalwar yara takan biyo baya. A 2012 Amurka ta halatta maganin Vismodegib domin dakushe wannan furotin.