Gyaran Giyar Tsohon Babur: Aikin da Kuɗin da Yake Ci

A Shinaka da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Rabah, babur ne ke kai manomi fadama, shi ne kuma jarin ɗan kabu-kabu. Yashi, lodin buhunan albasa da jinkirin canza baƙin mai kan gajiyar da giya da wuri.

Alamomin lalacewarta su ne fitar giya da kanta, gurnani, da ɓurɓushin ƙarfe a cikin mai.

A babura irin su Bajaj Boxer, giya da inji suna gida ɗaya, mai ɗaya suke sha. Don haka sai bakanike ya sauke injin, ya cire kuloci, ya raba gidan biyu kafin ya kai ga haƙoran da suka cinye. Wannan wargazawa ce ke tsawwala ladan aiki.

Kuɗin ya ƙunshi haƙora, boris, gaskit, sabon mai da ladan hannu. Akasarin kayan daga Indiya da Sin ake shigo da su, shi ya sa farashinsu ya tashi bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Ya kamata mai babur ya ga kayan da aka cire da idonsa, a kuma canza duk boris ɗin da ya gaji tun injin yana buɗe, domin sake buɗewa sabon lada ne. In gidan ya tsage, a gwada kuɗin gyaran da farashin wani injin kafin a yanke shawara.