Daga Aci-bal-bal Zuwa Fitilar Akwatin Kifi

Masu rubuta tarihin Abuja sukan fara da dokar 1976 da ta kafa birnin, su ƙare da ƙaurar gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. Ba kasafai suke tambayar da me aka haskaka ɗakunan waɗanda suka gina birnin ba. Magina da direbobi da masu shayi da suka tare a Nyanya da Karu da Kubwa da Gwagwalada ba su dogara da hukumar wutar lantarki ta NEPA ba, wadda aka kafa a 1972, domin wutarta zuwa take ta ɗauke. Abin dogaronsu shi ne fitilar ƙwai da aci-bal-bal, wadda maƙeran gwangwani ke yi da gwangwanin madara, su huda murfi, su zura lagwani, a ɗura kananzir. A ganina, wannan sana'ar ba ta mutu ba. Kayan aiki ta sauya, kuma ita ce ta fara kai hasken LED ɗakin talaka.

Shi ƙwan LED baƙo ne. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a Amurka a 1962, amma farin haske sai da ya jira Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura na Japan suka samo shuɗin a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da ƙananan ƙwayayen suka yi araha suka shigo kasuwanninmu a shekarun 2000, masu gyaran rediyo suka gane amfaninsu. Sai su ɗauki tsohon faifan CD, su huhhuda shi, su jera ƙwayayen a ramukan, su haɗa ƙafafunsu da dalma ta baya, su kafa faifan a kan ɗan akwatin katako mai cin batirin tocila uku. Ƙyallin faifan shi ke watso hasken gaba. A Arewa jama'a suka raɗa mata "Obasanjo ya kasa", sunan da ya ɗauki haushin rashin wuta na lokacin da Obasanjo ke shugabancin ƙasa, kuma NEPA ta koma PHCN a 2005. Teburin mai tsire da tiren mai goro suka rabu da hayaƙi, yara suka yi karatun dare ba tare da baƙi ya cika musu hanci ba.

Wani zai ce wannan ba ƙira ba ce, harhaɗa kayan Sin ne kawai. Gaskiya ne ba a yin ƙwan a nan. To amma gwangwanin aci-bal-bal ma ba maƙerin ne ya narka ƙarfensa ba, kananzir ɗin kuma ba shi ya tace ba, duk da haka ba wanda ya hana shi sunan maƙeri. Gwanintar tana wajen sanin abin da mai saye ke iya biya da abin da zai iya gyarawa in ya lalace. Wani kuma zai ce fitilun caji na kanti sun kashe sana'ar. Fitilar faifai kam ta yi ƙaranci, kuma ba a yi asara duka ba, don batiranta ba sa jimawa, a bola suke ƙarewa. Sai dai hannun da ya koyi dalma a kanta bai zauna ba: ya koma gyaran fitilun caji da haɗa sola, musamman bayan janye tallafin kananzir a 2016.

Akwatin gilashi na kifin ado, irin wanda ake ajiyewa a falo da otal, ya nuna inda ilimin ya kai. Mai haɗa masa fitila yana yanko zaren LED mai bolt 12, wanda ake yankewa bayan kowane ƙwai uku, ya manna shi a faffaɗan alminiyam don ya sha zafi, ya toshe mahaɗar wayoyin da silikon saboda tururin ruwa na cin dalma. Dole ya san cewa ciyayin ruwa na son haske wajen awa 8 a rana, in ya zarce gansakuka ta rufe gilashin. Da yake wutar bolt 12 ce, ba ta da haɗarin ta soket kusa da ruwa, kuma in an ɗauke wuta ƙaramin batirin sola ya isa ya riƙe ta har dare ya raba.